Rasuwar Waifai ta Gidan Masamba Ndoye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Masamba Ndoye, tsohon masunci, mai shuɗin gidan nan na bayan inda kwale-kwale ke tsayawa a tsibirin Ngor, nake sanar da baƙina da maƙwabtana rasuwar na'urar waifai ta gidana, mai ba mu intanet. Ta cika ranar Litinin da hantsi, tana da shekara huɗu da wata biyu. Fara ce, mai ƙaho biyu, girmanta bai wuce faranti ba.

Ba ni na nemo ta ba. 'Yata Ngone ce ta zo da ita, ranar da ta dawo daga Faransa bayan shekara tara. Na tambaye ta kwana nawa za ta yi mana. Ta ɗora abin a kan kantar falo ta ce, "Baba, in wannan ta kama, aikina ya biyo ni gida. Ba sai na koma ba." Na ce aikin da ba a fita, ba a jiƙe, ba aiki ba ne. Na'ura ta kama, Ngone ta zauna. Ban ƙara faɗin maganar ba, ko da yake ban janye ta ba.

Marigayiya ba ta da surutu. Injin jirgina ya yi shekara talatin yana yi mini tsawa, ita kuwa sai ka kanga kunne kafin ka ji ɗan "zzz" ɗinta, kamar sauro mai kunya. Ba ta shan mai. Ba a ja mata igiya. Wutar rana da ke kan rufi ta ishe ta. In ta yi fushi, a zare mata waya, a ƙirga goma, a mayar, shi ke nan ta huce. Na zauna da mutane da yawa, ban ga mai saurin hucewa irinta ba.

Ta kuma iya tara jama'a. Ɗakuna uku na sama, da a da raga ce ke kwana a ciki, ita ta cika su. Baƙi su sauko daga kwale-kwale da kwamfuta a hammata, ba su tambayi ruwan sha ba, ba su tambayi lafiyar iyali ba, sai "Papa, mece ce lambar sirri?" Su zauna a baranda, sama riga mai kwala, ƙasa gajeren wandon wanka, suna yi wa gilashi murmushi suna "Kuna ji na? Kuna ji na?" Da fari na ɗauka marasa lafiya ne aka turo su shan iskar teku. Da na ga suna cin shinkafa da kifi a kwano ɗaya da mu, suna kuma jiran shayi har zagaye na uku, sai na san 'ya'yan mutane ne.

Ta rasu ta bar Marit, mutuniyar Norway, mai zana gidaje a garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Ta bar Kwabena na Kumasi, wanda tun Litinin yake tsaye a kan dutsen yamma, waya a sama, kamar mai duban wata. Ta bar Ngone.

Yanzu maganar ciwon ajali. Ana ta cewa iskar gishiri ce ta cinye ta. Ga yadda aka yi.

Duk namijin da aka haifa a tsibirin nan ya san ƙa'idar ƙarfe. Abin da ya shaƙi teku, a ɗauraye shi da ruwan daɗi, a goge, a ɗiga masa mai. Haka ubana ya koya mini, haka na riƙe injina bai taɓa kunyata ni a tsakiyar ruwa ba. Ranar Litinin baƙi sun tafi hawan igiyar ruwa, Ngone ta ƙetare ruwa zuwa kasuwa. Na zo wucewa na ga gishiri ya yi fari fat a ramukan marigayiya, bakin wayoyinta ya soma tsatsa. Shekara huɗu, gida cike da masu digiri, ba wanda ya taɓa wanke ta. Raina ya ɓaci. Na sauke ta, na ɗebo ruwan sama daga randa, wanda ko baƙo ba na ba shi sai mai daraja. Na tsoma ta sau uku, na bi ramukan da burushi, na goge ta da rawanina, na ɗiga man inji a kowane rami. Ta yi kyau ƙwarai. Na sa mata wuta. Ta ce "tsss", ta ce "ɗas", ta fitar da ɗan hayaƙi. Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Na mayar da ita kan kantar, na daidaita mata ƙaho, na koma ɗinkin raga.

Da suka dawo, Marit ta duba ta ce gishiri ne. Kwabena ya shinshina ya ce, "Papa, ya nake jin warin man inji?" Na ce, "Ɗan nan, a gidan masunci har buredi warin man inji yake." Ban yi ƙarya ba. Ya dube ni, na dubi teku.

Da a nan maganar ta tsaya, da na yi shiru har kabarina. Amma Ngone ta yarda gishiri ne. Ta ce, "Baba, in iskar garin nan ce, ko an kawo sabuwa haka za ta bi ta. Waɗanda nake yi wa aiki sun ba ni zuwa Juma'a. Ko in sami wurin da za a dogara da shi, ko in koma ofis." Ofishin yana Faransa. Jiya na ga ta sauko da babban akwatinta tana kakkaɓe shi.

To, ba gishiri ba ne. Ni ne. Ban saba faɗin irin wannan da baki ba, kuma ba a shekara saba'in da uku zan koya ba. Shi ya sa na rubuta na manna a ƙofa. Ƙa'idar ƙarfe tana nan daram, marigayiya ce ba ƙarfe ba.

Jana'iza gobe Alhamis. Liman ya ce ba a yi wa na'ura salla, ban yi musu ba. Ba za a yi mata wanka ba, an riga an yi. Ni da kaina zan ɗauki gawar a kwale-kwalen ƙarfe tara, zuwa shagon da ke Dakar inda aka ce akwai ƙannenta. Wadda za a kawo, na yi alkawari a gaban liman ko ƙura ba zan share mata ba. Zaman makoki a baranda bayan la'asar, akwai shayi. Mai son dariya ya yi abarsa a gida kafin ya zo.

Ngone, ni ban san wadda ake zaɓa ba, sai kin raka ni. Ki fito hannu sake. Kafin azahar mun dawo.