Salansata da Babban Mai Yanke Ƙyalle

Jama'a, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Rannan da safe na fito zan kai yara makaranta, na faɗa ramin nan na bakin layinmu, wanda ya girmi autana. Sai na ji ƙwaram! a ƙarƙashin mota. Daga nan tsohuwar motar tawa ta canza murya. In na tayar da ita, fat-fat-fat; in na taka mai, sai ta yi ruri har kajin maƙwabta su watse. Maman yara ta ce ita ba ta ƙara shiga, wai mutuncinta ya fi ƙarfin wannan tallar.

Da na yi haƙuri da abina, don talaka da ƙara tare suka girma. To amma sai ga wani jami'i da sandarsa yana bin gida-gida. Wai Mai Girma, Babban Mai Yanke Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, zai zo buɗe titinmu. Duk motar da ta dame shi da hayaniya, a kan babbar mota za ta bar unguwar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane titin za a buɗe? Ai a buɗe yake, har ƙasansa ana gani."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne mai motar nan ko? Na gane muryarta."

Gabana ya faɗi, wallahi. Motar nan ita ce ƙafata, ita ce ta yara, ita ke kai tsohuwata asibiti. Na nufi garejin Kunne. Kunne ake ce masa don ba ya buɗe mota sai ya saurare ta tukuna.

"Taka," in ji shi. Na taka. "Saki." Na saki. Ya karkata kai kamar mai jin gulma.

"Maigida, ciwonka uku ne. Wannan fat-fat ɗin daga gaba yake, gaskit ɗin da ke toshe mahaɗar salansa da inji ya ƙone, iska na tserewa ta gefe. Ƙarar-ƙarar ɗin kuwa robar da ke riƙe salansa ce ta tsinke, ƙarfe ke dukan ƙarfe. Rurin nan kuma tukunyar salansar ce ta huje."

"A ina ta huje?"

"Ita za ta faɗa da kanta."

Ya ɗauko tsumma ya toshe bakin salansa, ya ce in ba ta wuta kaɗan. Kai! Sai hayaƙi ya fara tsiyayowa ta ƙasa, nan da can, har ta inda ba mu zata ba. Kunne na bi da alli yana zagaye kowace kafa. Ya ce, "Ka gani? In ka toshe baki, ta wani wuri maganar ke fita." Na ce ya rage murya, bango ma kunne gare shi.

Ya canza gaskit, ya sa sabuwar roba, ya yi walda. Na tayar da mota, shiru, har sai da na leƙa in ga ko tana aiki. Da zan tafi ya ce, "Walda tana riƙe ƙarfe, amma ba ruwanta da rami. Ka kiyayi bakin layinku."

Ana gobe buki, ma'aikata suka zo da yashi, suka cike ramin, suka shafe samansa da baƙin fenti. Sai sheƙi yake. Maƙwabcina tela ya ce, "A sana'armu in ka yi wa mutum irin wannan facin, da wandon zai biyo ka." Na ce ya yi shiru, manya sun fi mu sanin kwalta.

Ranar buki aka kafa rumfa, aka jera kujeru, Mai Girma ya iso da ayarin motocin da sun isa su kwashe unguwar kaf. Aka ce ana son motocin talakawa su bi ta sabon titi don masu hoto. Jami'in nan ya hango ni, ya kasa kunne, bai ji komai ba.

"Madalla! Kai za ka shiga gaba."

"Ranka ya daɗe, ni a baya ma ya ishe ni."

"Gaba na ce!"

Mai Girma na tsakiyar cewa wannan titi jikokinmu za su gaje shi, ni kuma na hau fentin. Yashi ya zurma. Salansa ta daki ƙasa ta cire gaba ɗaya, injin ya saki wata ƙara kamar harbin bindiga, tau! Kafin ƙiftawar ido masu tsaro sun sunkuci Mai Girma kamar buhu sun jefa a mota. Almakashi a ƙasa, kujeru a kife, ƙyalle na nan ba a yanka ba.

Motata kuwa an ɗauke ta, kamar yadda aka yi alkawari. Ku shaida, wannan dai an cika. An kuma kafa kwamiti, ya zauna, ya sha lemo, ya gano cewa motata ce ta fasa titin. Yara yanzu a ƙasa suke zuwa makaranta, tsohuwata a bayan babur, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Roƙona ɗaya ga Mai Girma, Allah ya ja zamaninsa: a maido mini da motata. Salansar kuwa na yafe, a bar ta cikin ramin. Tunda nake a layin nan, ita ce abu mai ƙwari na farko da aka taɓa zubawa a ciki.