Cinyar Kazar Gidan su Rifkatu

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na yi ja-in-ja da uwar ƙawata a kan cinyar kaza ba.

Lokacin ina sakandaren 'yammata ta kwana. Ni 'yar manomi ce daga wani ƙauye a bayan Manchok. A gidanmu gwaten acca da yakuwa ne safe da yamma, nama kuwa sai Kirsimeti, ko in tarkon Baba ya yi sa'ar gafiya. Kuma akwai doka: ba mai taɓa nama sai ya cinye abincinsa tas. Ka tura tsokarka gefen kwano, kana ci kana gadinta saboda hannun yayye. Da ita ake rufe baki.

Ƙawata Rifkatu kuwa babanta babban ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan. Akwatinta cike da madara da sukari da kifin gwangwani, nawa gari da ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa raina ni ba, ni ce dai bakina ba linzami. Wata rana tana ba mu labarin kazar da suke ci duk Lahadi, sai na taɓe baki na ce, "Kaza? Ni a gidanmu har ta gundure ni." (Kaji kam muna da su, amma na ƙwai ne da na baƙi. Ni dai ƙafa da wuya na sani.)

Da aka ba mu gajeren hutu, ta ja ni gidansu a kwatas ɗin reluwe. Ranar Lahadi muna dawowa daga coci na tarar da tebur da farin zane, kowa da farantinsa. Mama, wato uwar Rifkatu, ta zuba mini shinkafa da miya, ta ɗora cinyar kaza guda sukutum. Tawa ni kaɗai! Baba, wato uban Rifkatu, yana addu'a kowa ya rufe ido, ni ido ɗaya na rufe.

Rifkatu ta fara da namanta, ta ɗan gutsura ta ture sauran. Zuciyata ta yi zafi. Na tura cinyata gefe kamar yadda aka raine ni, na shiga fama da cokali mai yatsu har na ga bayan shinkafar. Sai na ajiye cokalin a cikin faranti don in kama abata da hannu biyu. Ashe a gidan nan, in ka ajiye cokali haka ka gama ke nan.

Kafin in miƙa hannu, Mama ta ɗaga farantin. "A'a, 'yata, ba ki taɓa naman ba?"

Rifkatu ta ce, "Mama, ƙyale ta. Kaza ta gundure ta a gidansu."

"Ayya, da kin faɗa ai da na soya miki ƙwai. To, yau Soja ya yi sa'a."

Soja karensu ne. Yana kwance a bakin ƙofa, ya ji sunansa ya miƙe yana kaɗa wutsiya.

Har yau ban san lokacin da na cafke farantin ba. Mama ta ɗauka kara nake yi mata, ta ce, "Kar ki takura kanki," ta ja. Ni ma na ja. Miya ta tsiyaye a kan farin zanen. Sai na ji bakina yana cewa da ƙarfi, "Mama, ki yi mini rai, tun da aka haife ni ban taɓa cin cinya ni kaɗai ba!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma fa ban saki farantin ba.

Can sai Baba ya fashe da dariya har yana share hawaye. Ya janye hannunsa daga gefen farantinsa ya ce, "Yarinya, duba nan." Ga namansa a ajiye, ko taɓawa bai yi ba. "Ni ma ɗan manomi ne. Reluwe ta sa mini kwat, amma har gobe nama sai ƙarshe. Farkon aurenmu matar nan ta sha yi mini abin da ta yi miki."

Mama ta ce, "Shi ya sa yanzu ba na kusantar farantinsa sai na ga ƙashi." Ta shiga kicin ta ƙaro mini fiffike. Na ci ina kunya, amma na ci, har ɓargo na tsotse. Soja ya koma ya kwanta, ko kallona bai ƙara yi ba.

Rifkatu ta yi mini alheri, ba ta kai labarin makaranta ba. Sai dai har yanzu da muke da jikoki, in na je gidanta takan ce wa yara, "Ku dafa wake, baƙuwarmu kaza ta gundure ta."

Ni dai har yau nama sai ƙarshe, hannuna kuma yana kan faranti. Abin da na koya shi ne, in cika baki ya kama ka dole, ka ce wake ne ya gundure ka.