Rasuwar Zanen Bangon Gidan Malam Sada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yau bai huce ba, ni Saliha Sada nake sanar da rasuwar zanen da ke jikin bangon gidanmu a Kura. Ya cika ranar Talata da hantsi, ina Kadawa wajen suna.

Marigayin na ɗaya daga cikin zanukan tarihin garin nan da Sunday mai fenti, mutumin Bunkure, ya yi shekarun baya. Ya nuna ranar da ruwa ya fara biyo magudana ya shigo gonakinmu: mutane cunkus a bakin ruwa, mahaifinmu Malam Sada a tsakiya, wando a naɗe, yana dariya har wushiryarsa ta fito. Har Allah Ya karɓi ransa, Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Sunday kaɗai ya lallashe shi ya zauna masa.

Marigayin ya kasance mai haƙuri. Ya sha rana, ya sha ruwa, akuyoyi sun yi susa a jikinsa bai taɓa ƙorafi ba. Idan malamai suka kawo ɗalibai zagayen ganin zanukan, daga tasha suke farawa, a wajensa suke ƙarewa. Inna kuwa kullum za ta fita sai ta tsaya ta ce, “Malam, na tafi unguwa.”

Bai yi jinya ba, kashe shi aka yi. Yayana Hambali ya ba wani kamfanin maganin feshi bangon, bai shawarci kowa ba. Suka mulka masa ruwan ɗorawa, suka zana tsutsa ƙatuwa daidai inda fuskar Baba take. Da na tare Hambali sai ya ce, “Haba Saliha, bango ne fa.”

Na ce, “Yaya, ubanka ne fa!”

Na je har Bunkure neman a sake zana mana Baba. Sunday ya riƙe hannuna ya ce, “'Yata, idon ya tafi. Ko buroshi ba na gani.”

Marigayin ya bar 'yan'uwa: mata masu turara shinkafa a bangon injin casa, da kwandunan tumatir na bakin tasha, waɗanda fastocin 'yan siyasa suka riga suka cinye rabinsu. Ya bar Inna, wadda yanzu ta ƙofar baya take fita.

Babu wanka, babu likkafani, don ba a bar mana gawa ba. Za a yi zaman makoki ranar Juma'a bayan la'asar a gindin bangon, kowa ya juya wa tsutsar baya. A zo da tabarma. Akwai sababbin kujerun roba a zaure, su ne tukuicin da kamfanin ya ba Hambali. Duk wanda ya zauna a kansu, ya riƙe gaisuwarsa, ba na so.