Yadda Ake Rubuta Wasiyyar Jinya Ba Tare da Ɓata wa 'Ya'ya Rai ba

Likita ya miƙo maka takarda, ya ce ka rubuta abin da kake so a yi maka idan ciwo ya kai ka inda baki ba ya motsi: a jona ka da na'ura ko a bar ka. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin za ka cika ta tsaf ba tare da ra'ayinka ya shiga ciki ba. Maƙwabcina Malam Illiassou na unguwar Goutte d'Or a Paris, mutumin Damagaram, wanda ya yi shekara talatin yana sauke akwatunan kifi a kasuwar Rungis, shi ya gwada su, saura kwana goma sha biyu a yi masa aikin zuciya.

Mataki na 1: Ɓoye takardar

Malam ya sa tasa a bayan firiji, ya samu kwana uku na lafiya. A iya bincikena, takardar da ba a karanta ba ba ta taɓa kashe kowa ba.

Mataki na 2: Nemi shawarar babbar 'yarka

Fatsima tana Montreuil, nan gefen Paris. Tana karanta layin farko ta fashe da kuka.

"Baba, ka rubuta a jona komai. Duk na'urar da ke asibitin, har ta dafa kofi!"

Ya rubuta. Takardar tana neman sunan mutum ɗaya tak da zai yi magana a madadinka, sai ya sa nata. Kuka ya tsaya. Ka ga nasara.

Mataki na 3: Hau jirgin ƙasa zuwa Lyon

Ƙaramar, Sa'ida, ma'aikaciyar jinya ce a can, kullum cikin masu tiyo a hanci take yini.

"Non, Papa. Ni na san abin da ake nufi da komai. Ba zan bari a wahalar da kai ba."

Kada ka yi gardama da mai farar riga. Malam ya zaro sabuwar takarda, ya rubuta kada a jona komai, ya sa sunanta.

Mataki na 4: Yi adalci a kwanan wata

Wajen rakiya ne Sa'ida ta ce ai takardar da aka sa wa hannu a ƙarshe ake bi. Hankalin Malam ya tashi: ke nan ya zalunci Fatsima. Ya koma Paris ya sabunta tata. Yana sa hannu ya ga yanzu Sa'ida ce aka danne, ya sake kama hanya. Sau huɗu cikin mako guda, har mai duba tikiti ya fara tambayarsa yaya zuciyar.

A tafiya ta ƙarshe dabara ta zo masa. Da jirgi ya kai tsakiyar hanya, ya shimfiɗa takardun biyu, ya riƙe biro a dama, biro a hagu, ya yi bisimilla, ya sa hannu a lokaci guda.

Mataki na 5: Hana su haɗuwa

Nan Malam ya yi sake. Ana gobe aiki, da hantsi, suka shigo ɗakinsa na asibiti tare, kowace da takarda a jaka. Suka miƙa wa likita, ta karanta wannan, ta karanta waccan, ta cire tabarau.

"Monsieur, wacce ce taku?"

"Duka nawa ne. Ni na haife su."

Sa'ida ta zauna a bakin gado. "Baba, ba mu za a yi wa aiki ba. Kai me kake so?"

Malam ya ce:

"Uwarku ta yi kwana arba'in da tiyo a baki, ban sake jin muryarta ba. Ni a gwada mako guda. In ban dawo ba a cire, a juya ni alƙibla, a yi min shahada a kunne. Kuma a yi min magana da Hausa. Na gaji da cewa oui da Faransanci, ina amsa abin da ban gane ba."

Fatsima ce ta karɓi biro, ta rubuta kalma bayan kalma. Da ta zo gurbin suna ta ce, "A sa Sa'ida. Ni in na ga na'ura ba zan iya cewa a kashe ba."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba malami ba, kuma ba shi da alhakin abin da zai same ka. An yi aiki lafiya, Malam yana gida. 'Ya'yan kuwa yanzu kullum suna waya, bakinsu ɗaya, sun raba shi da gishiri, sukari da kilishi. Jiya ya tare ni a matakala, yana raɗa, wai ko akwai takardar da ake cikawa a kan wannan. Ban sani ba, kuma ba ruwana.