Filtar da na zaɓa da ido

Ranar juyen man motata, bakanikena Bitrus ya ce, "Malam, tafi da tsohuwar filtar a gwada." Ni da na shekara ashirin ina koyar da lissafi? Na ƙi. A shagon Oga Emeka na nuna mafi girma. Na dawo Bitrus ya fita cin abinci, na ɗaura da kaina, na zuba mai, na tafi.

Ban kai Kagoro ba sai ga shi kan acaɓa yana ihu. Ashe filtar ba ta zauna ba, sawun baƙin mai ya biyo tun daga gareji. Allah ya saka masa da alheri, ba don shi ba da injin ya ƙone.

Har yau, ko tsintsiya zan sayo, matata sai ta miƙo mini tsohuwar: "Baban Ladi, a gwada."