Tarko Biyu da Ƙwan Ladingo

A wani daji da ke bayan fadama, inda sabara ta fi kowane itace yawa, an yi wata zabuwa mai suna Ladingo. Shekarunta sun ja, ita ma ta san ƙwan da ta saka a wannan daminar su ne na ƙarshe. Goma sha biyu ne. Tana cikin kwanci Tunku ya gano sheƙar. Duk ranar da ta tashi shan ruwa sai ya ɗauke ɗaya, har ya ɗauke uku.

Ta kai kuka majalisar daji, wadda ke zama a gindin tsamiya. Kunkuru ne shugaba. Ya saurare ta ido a lumshe, ya ce za a ɗana wa Tunku tarko. Kowa ya amince. A kan irin tarkon ne aka rabu.

Hankaka, wanda ya saba shiga gari, ya riga ya sayo na ƙarfe a kanti, sabo fil, yana ƙyalli. Bushiya kuwa, tsohuwa mai tukar igiya, ta ce tun zamanin kakanninta zargen kaba ake ɗaurewa a reshe, kuma ba ta ga abin da ya sake ba.

Hankaka ya ce, "Inna, wannan igiyar taki ko shanya ba za ta riƙe ba."

Ta ce, "Ɗan nan, wanda ya ƙera ƙarfen naka ko Tunku bai taɓa gani ba."

Aka yini ana ja. Da la'asar Kunkuru ya gyara murya. "Jama'a, ba a yanke hukunci da ka. Za a ɗana duka biyun, kowanne da ƙwai ɗaya a ciki, don kada a ce an fifita wani. Ƙwan kuwa, bisa al'adar wannan majalisa, mai ƙara ce ke kawowa."

Ladingo ta tambaya a hankali ko za a sami wanda zai riƙa zama bakin sheƙar yayin da take shan ruwa. Aka ce mata wannan ba tarko ba ne, kuma maganar tarko ake yi. Ta koma ta mirgino ƙwai biyu, da ɗuminsu.

Kashegari aka tarar babu ko ɗaya. Ashe ƙarfen don dabba mai nauyi aka yi shi, Tunku ya taka ya wuce bai motsa ba. Zargen kuma faɗin wuyan zomo aka yi masa, Tunku ya bi ta cikinsa kamar ƙofa. Wani ya ce a sassauta ƙarfen, Hankaka ya ce ba a taɓa abin kanti. Wani ya ce a tsuke zargen, Bushiya ta ce ba za ta gyara aikin kakanta ba. Kunkuru ya ce gwaji ɗaya ba ya tabbatar da komai.

Sau huɗu aka yi haka. Tunku ya daina wahalar zuwa sheƙa.

Saura ƙwai ɗaya. Ranar da aka aiko a karɓa, Ladingo ta zo da kanta ta tsaya gaban majalisa.

"Ranka ya daɗe, na janye ƙarata. Tun jiya nake jin ƙwanƙwasa a cikinsa. Gobe ko jibi zai fito. Ban san wane tarko ya fi ba, kuma ba na so in sani. A bar mini wannan."

Bushiya ta sunkuyar da kai. Kunkuru ya ce ya tausaya ƙwarai, amma ƙarar da ta shigo majalisa ta zama ta majalisa, kuma in aka tsaya yanzu, ƙwai takwas sun tafi a banza ke nan. Abin da ya rage shi ne wa za a ba. Hankaka ya ce nasa, Bushiya ta ce nata. Da yake ƙwai ba ya rabuwa, aka yi adalci, aka ajiye shi a tsakiya, taku biyu daga kowane tarko. Ladingo ta roƙi a bar ta ta kwanta a kansa, aka ce za ta ɓata gwaji. Sai ta tsaya bayan sabara.

Da hantsi Tunku ya zo, ba ya ko sauri. Ya yi ƙiba. Ya kai nauyin da zai tayar da ƙarfen, ya kai kaurin da zargen zai riƙe. Sai dai ƙwan ba ya cikin ko ɗayansu.

Bayan mako guda majalisa ta zauna. Kunkuru ya tambayi Ladingo ko an ƙara yi mata sata, ta ce a'a. Aka yi wa Hankaka barka, aka yi wa Bushiya sannu da aiki, aka kuma kafa kwamitin da zai gano wanne ya fi tasiri.

Har damina ta wuce, ba a sake ɗaukar wa Ladingo ƙwai ba, ko ɗaya.