Jinin Ɓarawon Shanu

Na ga ɗaukar fim a Indiya da Masar, amma ban ga jarumai kamar tsofaffin Kiru ba, ranar da suke fim ɗin 'yan banga masu furfura a bakin dajin Falgore. Kyamara ɗaya ce, ga aminina Malam Sule yana tsallake rami riƙe da sanda.

Ina inuwa ina cika darakta da shawara, sai na ga kwanon zoɓo. Na shanye tas, har na ce sukari bai ji ba.

Da aka zo harbe ɓarawon shanu, darakta ya ɗaga kwanon. "Baba Alhaji, ina jininmu?"

Haka ɓarawo ya mutu a bushe. Har yau in na doso majalisa, Malam Sule kan dafe wuyansa ya ce, "Jama'a ku watse, mai shan jini ya iso!"